Zufa a Tsakiyar Hunturun Jos

Duk wanda ya taɓa kwana a Jos a watan Disamba ya san irin sanyin da nake nufi. Garin a kan tudu yake, sama da mita 1,200 daga matakin teku, idan hunturu ya kankama ko ruwan randa sai ka yi shahada kafin ka tsoma hannu. A Gangare aka haife ni, a nan na tashi, kuma a cikin 'yan ɗakinmu ni ce raguwar sanyi. Safa biyu nake sawa in tafi makaranta, Umma kuma ta ɗora mini rigar sanyi a kan yunifom. Shi ya sa abin ya zo mini baƙo ranar da na farka da asuba a watan Janairun 2019, kowa a gidan yana ƙudundune cikin bargo, ni kuwa rigar barcina ta jiƙe sharkaf, matashin kaina kamar an sheƙa masa ruwa.

Wata huɗu ke nan da haihuwar ɗana na biyu. Da na gaya wa Umma sai ta ce zafin ruwan jego ne bai gama fita daga jikina ba, ga kunun kanwa da na sha, in yi haƙuri zai wuce. Surukata ma haka ta ce. Ni ma na yarda, don ban da dalilin ƙin yarda.

Malamar makaranta ce ni, ina koyar da 'yan aji huɗu a wata firamare mai zaman kanta. Cikin nan na biyu ya bar mini duhu a kumatu da goshi, baƙi-baƙi kamar an shafa gawayi an goge bai fita duka ba. Kafin nan kwalliyata ba ta wuce hoda da kwalli da ɗan jambaki. Da hutun haihuwa ya ƙare zan koma aiki, sai na sayi fandeshin, man kwalliya mai launin fata da ake shafawa kafin hoda, na farko a rayuwata, don in rufe tabon nan.

Ba zan manta da wata Talata ba. Wajen ƙarfe goma na safe ina rubutu a allo, yara duk da rigunan sanyi, wasu har da hular ulu. Na juyo zan yi bayani sai wata yarinya a bencin gaba ta ɗaga hannu ta ce, "Anti, fuskarki tana zuba." Ba da rashin kunya ta faɗa ba, tsoro ne a idonta. Na ce su ci gaba da kwafar aikin, na fita na shiga banɗakin malamai. Abin da na gani a madubi shi ne layi-layi daga goshina zuwa haɓa, inda zufa ta bi ta wanke ta bar hanya, sauran kuma ya taru a gefen hanci da ƙasan ido ya yi taɓo. Bakin farin hijabina ya koma ruwan ƙasa zagaye da fuskar. Na wanke da ruwan famfo mai sanyin ƙanƙara, na tsaya ina kallon kaina, kafin in gama goge fuskar wata zufar ta sake tsattsafowa a saman leɓe. A nan na yi kuka, sannan na koma aji.

Daga ranar na shiga farauta. Duk ƙarshen wata sai na bi shagunan kayan kwalliya na wajen Taminus, in ce a ba ni wanda zufa ba ta ɗauka. Kowa da shawararsa. Wani ya ce kaɗan nake shafawa, in ƙara yawa. Na ƙara, ya ƙara zubewa, don abu mai kauri ya fi saurin sulɓewa daga jiƙaƙƙiyar fata. Wata ta ce in fara shafa farin maganin gyambon cikin nan da ake kira milk of magnesia, wai masu kwalliyar amare da shi suke amfani. Ranar farko ya busar da maiƙo kam, amma cikin mako biyu kumatuna suka fara ƙaiƙayi suna saɓulewa, saboda ba don fata aka yi shi ba. Na taɓa sayen wata kwalba mai babban suna a farashin da ya kamata ya sa in yi shakka, na buɗe na ji warin fenti, duk da haka na shafa saboda kuɗina sun riga sun tafi. Ƙuraje suka feso mini har wuya. Akwai kuma wadda ta jawo ni gefe ta ce ai tabon ne matsalar, ta nuna mini man bilicin haɗin gida. Wannan kam Allah ya tsare ni, na ƙi.

Abin da ya fi ci mini rai yanzu idan na tuna shi ne, duk tsawon watannin nan hankalina yana kan fuska, alhali jikina gaba ɗaya yana ta yi mini magana. Ina cin abinci kamar mutum biyu amma ina ramewa, zoben aurena har faɗuwa yake yi a wajen wanke-wanke. Hannuna yana rawa, idan na ɗauki kofin shayi sai ka ji cokali yana ƙara a ciki. Idan na yi sujada ina jin bugun zuciyata a kunne. Barci ya ƙaurace, ina yawan zagayawa, ga saurin fushi da ban san kaina da shi ba. Yaro ya zubar da ruwa sai in hau shi da faɗa, bayan minti biyar in rungume shi ina hawaye. Maigidana mutum ne mai haƙuri, amma wata rana sai da ya zaunar da ni ya ce, "Maman yara, ki gaya mini gaskiya, wani abu na yi miki?" Ban da amsar da zan ba shi.

Sau uku ana yi mini maganin maleriya da taifot a kemis da wani ƙaramin asibitin unguwa. A gefe guda kuma maganganu suka fara zagayowa kunnena. Mace tana ramewa, tana zufar dare, ai an san abin da mutane za su raɗa: wasu tarin fuka, wasu ƙanjamau. Dangi suka ce iska ce, aka yi mini ruƙiyya, aka kawo rubutu da habbatus sauda. Ban raina addu'a ba, ita ta riƙe ni a lokacin, amma zufar ba ta tsaya ba. Na daina zuwa biki da suna. Idan an yi mini waya sai in ce yaro ne ba lafiya.

A gidan rasuwa Allah ya kawo mafita, wurin da ba yadda zan yi in ƙi zuwa. Wata dattijuwa, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, ta miƙo mini hannu muka gaisa, sai ta riƙe ba ta saki ba. Ta juya tafin hannuna ta ji ɗuminsa da danshinsa, ta ɗora yatsu biyu a wuyan hannun tana kallon agogonta. Daga nan ta ja ni ɗaki, ta ce in ɗaga hijabi, ta ba ni ruwa ta ce in haɗiye tana kallon maƙogwarona. Ta ce, "'Yar nan, yaushe rabon da ki kalli wuyanki? Gobe ki tafi Lamingo, ki ce a yi miki gwajin tayirod. Kar ki sake komawa kemis." Ni da nake tsayawa gaban madubi sau goma a rana, ban taɓa lura wuyana ya ɗan tasa ba.

A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo aka auna bugun zuciyata ina zaune ban yi aikin komai ba, ya kai 124 a minti ɗaya, alhali na mai lafiya tsakanin 60 da 100 yake. Likitar ta sa na miƙe hannuwa ta ɗora takarda a kai, takardar tana ta karkarwa. Aka ɗebi jini. Da sakamako ya fito, sinadarin da ake kira TSH ya kusa ɓacewa, T4 da T3 kuma, sinadaran da tayirod ke fitarwa, sun haura sosai. Ta zana mini hoto a bayan kati: tayirod wata 'yar halitta ce a gaban wuya mai siffar malam-buɗe-littafi, ita ke ƙayyade saurin da jiki ke ƙona abinci. Garkuwar jikina ce ta juya tana zuga ta, ita kuma tana ta zubo sinadari fiye da kima, kamar murhun da aka cika wa itace. Sunan ciwon Graves, daga sunan wani likitan ƙasar Ayalan, Robert Graves, da ya bayyana shi a 1835. Ya fi kama mata nesa ba kusa ba, kuma yakan taso a shekarar da ta biyo bayan haihuwa.

Ta rubuta mini carbimazole don rage aikin halittar, da propranolol don lafar da bugun zuciya da rawar hannu. Ta ja kunnena a kan abu biyu: idan na ji ciwon maƙogwaro da zazzaɓi in dakatar da maganin in zo a duba jinina a ranar, domin wani lokaci yakan karya ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta, sannan kar in ɗauki ciki ba tare da mun shirya da ita ba. Har na miƙe zan fita, sai na daure na yi tambayar da nake jin kunyarta. Na ce, "Likita, zufar fuskar nan fa? Kwalliya ba ta zama mini." Na zaci za ta ce ana maganar rai ina maganar hoda. Sai ta ajiye biro ta ce, "Hajiya, zufar hayaƙi ce, wutar tana wuyanki. Mu kashe wutar tukuna, sauran zai zo da sauƙi. Amma ban ce ki daina gyara fuskarki ba."

Maganin ba ya aiki dare ɗaya, sai da na yi wajen wata biyu kafin in fara jin kaina. Na sha shi wata 18 aka dakatar, na yi 'yan watanni lafiya lau har na koma sa rigar sanyi, sannan ciwon ya dawo. Dama an gaya mini kusan rabin masu shan maganin haka ke faruwa da su. A lokacin na gane cewa wannan abokin zama ne, zufar za ta riƙa tafiya tana dawowa, kuma ba zan iya ɓuya a ɗaki duk lokacin da ta dawo ba.

Wadda ta koya mini abin da na sani yau yarinya ce ƙarama, yayar wata ɗalibata, tana yi wa amare kwalliya a Unguwar Rogo. Na je wurinta da leda cike da kwalaben da na tara. Ta zube su a kan tabarma tana juya bayan kowace tana karantawa, ta ware kusan duka gefe ta ce, "Anti, waɗannan ai na masu busasshiyar fata ne, mai ne a ciki. Ke da ruwa kike faɗa, kin kuma ƙara masa mai." Ita ta nuna mini cewa gaban kwalba talla ne, gaskiyar tana baya, a jerin abubuwan da aka haɗa. Kusan kowanne da ruwa yake farawa, don haka na biyu da na uku za a duba. Idan aka ga kalmomi irin su dimethicone ko cyclopentasiloxane, to mai silikon ne, shi kuwa silikon ba ya narkewa a ruwa. Idan kuma akwai trimethylsiloxysilicate ko isododecane, alama ce ta irin wanda ke bushewa ya bar siririyar fata a kan fuska, wadda zufa za ta tsattsafo ta samanta ba tare da ta kwashe ta ba. Na rubuta sunayen a bayan littafin darasi, har yau da takardar nake zuwa shago. A gaban kwalbar kuma in nemi inda aka rubuta matte ko oil free, in guji duk wanda ke alƙawarin sheƙi, da masu kauri irin na gwangwani.

Kala ma sai da na sake koyo. Da a bayan hannu nake gwadawa a cikin shago ƙarƙashin fitila. Ta ce a'a, a gefen muƙamuƙi ake ɗigawa, a fita rana a duba, sannan a ba shi kamar awa guda, saboda wasu suna ƙara duhu ko su yi ja idan suka haɗu da maiƙon fata da iska. Wannan ya fi muhimmanci a irin masu daɗewar nan, tunda idan ya kama ya kama. Bayan gwaje-gwaje, Double Wear na Estée Lauder ne ya fi zama mini, sai dai kuɗinsa ba na albashin malamar firamare ba ne, kwalba ɗaya nake lallaɓawa don biki. Na yau da kullum Super Stay na Maybelline nake amfani da shi, in ɗora hodar Zaron, kamfanin nan na gida Najeriya. Fatata ce ta karɓe su, ta wata ba lallai ta karɓa ba. Kuma tun bayan kwalbar mai warin fenti, wuri ɗaya nake saye, ina duba ranar lalacewa, idan farashi ya yi araha fiye da hankali in ajiye musu kayansu.

Amma rabin aikin ba a kwalba yake ba. Na daina wanka da ruwa mai zafi sosai ko da hunturu, ɗumi-ɗumi kawai. Idan na fito ba na taɓa fuska sai na zauna gaban fanka minti goma jiki ya lafa, domin duk abin da aka shafa a kan zufa ya riga ya faɗi. Sai ɗan mai marar nauyi, sai firaima, man da ake fara shafawa don fandeshin ya zauna, a goshi da hanci da saman leɓe kaɗai, inda ruwan ya fi fitowa. Fandeshin ɗin kamar ƙwayar wake nake ɗiga, in bi da soso mai ɗan danshi ina dannawa, ba gogawa ba, kuma a kan tabon kawai nake ƙarawa. Ina barin faɗin yatsa ɗaya a zagayen fuska inda hijabi ke zama, in sa hular auduga a ciki ta tare zufar kai kafin ta gangaro goshi. Hodar gari a danna, a fesa ruwan da ke kama kwalliya, shi ke nan. Da rana idan zufa ta zo, tishu nake ɗorawa in danna in ɗaga. Hannu yana son ya share, sai da na yi wata guda ina hana kaina. Ba na kuma ƙara hoda a kan jiƙaƙƙiyar fuska, nan ne take komawa taɓo. Na rage shayi mai kauri da yaji, ina yawo da 'yar fankar caji a jaka.

Na yi murna ƙwarai a makonnin farko, har wata azahar da na tsuguna alwala a bayan ofishin malamai. Na watsa ruwa a fuska sai na ji yana gangarewa kamar a kan ganyen gwaza. Na shafa kumatuna na ji ba su jiƙe ba. Gabana ya faɗi. Abin da ya hana zufa kwashe kwalliyar, shi ne yake hana ruwan alwala isa fata, ni kuwa murna ta hana ni yin wannan lissafin. A ranar na je wurin malamarmu ta Islamiyya. Ta ce duk abin da ke da jiki, yake shiga tsakanin ruwa da fata, sai an cire shi kafin alwala ta inganta, ba kamar lalle ba da launi kawai yake bari. Ta ce in rama sallolin da na tabbatar na yi a haka, in kuma kwantar da hankalina tunda ban sani ba. Na rama su.

Wasu mata sukan yi alwala kafin kwalliya su riƙe ta har la'asar. Ni wannan ba zai yiwu mini ba, mai shan ruwa kamar raƙumi tana zagayawa a kai a kai. Don haka na tsara ranata a kan salla. Kwalliyar safe ta kai ni azahar. Idan lokaci ya yi in fito da auduga da man goge kwalliya, don ruwa da sabulu kaɗai ba sa fitar da irin wannan, in goge tas, in wanke, in yi alwala. Bayan salla hoda kawai nake shafawa, dama an kusa tashi. Yana cin minti goma cikin hutuna, yana kuma cin kuɗi, amma ban taɓa jin nauyinsa ba.

Wata ƙawata ta taɓa ce mini, "Ke kuwa duk wannan wahala ta mece ce? Ki bar fuskarki yadda Allah ya yi ta mana." Na san da zuciya ɗaya ta faɗa, kuma akwai ranakun da haka nake fita. Abin da ba ta sani ba shi ne gajiyar da ke cikin amsa "lafiya kuwa?" sau ashirin kafin azahar. Mai doguwar jinya yana son a gaishe shi a yi maganar wani abu daban, ko da ta tsadar tumatir ce. Idan na tsaya gaban yara talatin, so nake su kalli allo. Idan uwar yaro ta zo, so nake mu yi maganar karatun ɗanta, ba ta koma gida tana tunanin ko malamar tana da abin da za ta shafa wa yara ba.

Babban gwajin ya zo a watan Maris na 2022, bikin ƙanwata a Kubwa, irin bukukuwan da ake gaggautawa kafin azumi, kuma daidai lokacin ciwon ya dawo. Duk ɗan Jos ya san abin da ke faruwa idan mota ta gangara Hawan Kibo: iska takan canza, kafin Akwanga an tuɓe rigunan sanyi, a Keffi kuwa ka san ka shigo wata ƙasa. Zafin Abuja a Maris ko mai lafiya jiƙewa yake. Sau biyu ina cewa Umma ba zan je ba, ta ce, "Ke ce babbar ya, wa zai tsaya mata?" Ranar kamu na jira sai da na yi la'asar, na zauna gaban fanka, na yi komai a hankali yadda aka koya mini. Zufa ta zo kam, bayan rigar ankona ya jiƙe, na ƙarar da fakitin tishu biyu. Amma da na leƙa madubin jakata gab da magariba, fuskata tana nan yadda na bar ta. Na tsaya kusa da amarya aka ɗauki hoto. Shi ne hotona na farko cikin shekara uku, yana rataye a falon Umma.

Yanzu ina kan magani a karo na biyu, ana duba jinina duk bayan 'yan watanni. Tabon kumatun ya dusashe da kansa, idona na hagu ne ya ɗan fi na dama fitowa, wannan kuwa ba kwalliyar da ke rufe shi, na kuma saba. Likita ta fara yi mini maganar mafita ta dindindin, ko dai tiyata a cire halittar, ko maganin aidin mai tururin nukiliya da ke ƙona ta daga ciki. Kowanne na zaɓa, mai yiwuwa in koma shan ƙwayar levothyroxine, mai maye gurbin sinadarin halittar, kullum har ƙarshen rayuwa, na biyun kuma sai na nisanci yarana na wasu kwanaki. Ƙaramin har yanzu a jikina yake barci. Mun yi istihara ni da maigida, ranar Talata mai zuwa za mu koma Lamingo tare mu ba ta amsa.